Ɗaki Ɗaya, Kuɗin Haya Biyu

Tun da aka shiga maganar sulhu a ƙasar Batsari da Safana cikin shekarar 2025, waɗansu daga cikin mutanen da tsoro ya kora daga ƙauyukansu suka soma ɗaure kaya suna komawa gida da kaɗan kaɗan. Wannan abin murna ne, ba mu musa ba. Amma akwai wata magana da ta taso game da komawar tasu, wadda manya ba su ɗauke ta a bakin kome ba domin ba ta taɓa aljihunsu ba, watau maganar kuɗin hayan da waɗannan bayin Allah suka biya gaba ɗaya a garuruwan da suka fake. Mutum ya biya kuɗin shekara, ya zauna wata huɗu ko biyar, ya tashi zai koma Tsaskiya ko Runka ko Zakka ya share gonarsa, sai ya tarar sauran kuɗinsa sun maƙale. Mai gida ya tura shi wurin dillali, dillali ya tura shi wurin abokan zamansa, abokan zama su daga hannu su ce ba su da shi. A kan wannan za mu yi magana yau, kuma za mu faɗi gaskiya ko wa ta taɓa, har da su masu kukan.

Ba sai mun tuna wa jama'a yadda aka yi suka bar gida ba. Duk ƙauyen da ke bakin dajin Rugu ya san labarin. A watan Fabrairu na 1920 ba a yi wannan ba, a zamaninmu aka yi: cikin Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar ta ƙasar Batsari, cikin Afrilun wannan shekara kuma aka kashe 47 a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-ma. A 2021 gwamnati ta hana sayar da dabbobi a kasuwanni da yawa, har da na Batsari da Safana, sa'an nan aka yanke wayar tarho a ƙananan hukumomi 13 tun daga Satumba har Disamba. Manomin da ke noma rogo da gero da gyaɗa ya ci ya sayar, ya wayi gari yana yawon neman ɗaki a Dutsin-ma ko Batsari ko birnin Katsina, da mata da 'ya'ya a bayansa. Wanda ke da ɗan'uwa ya raɓa. Wanda ba shi da kowa ya kwana a makaranta ko kangon wani. Wanda kuwa ya tsira da 'yar akuya ko ɗan buhun hatsi, shi ne ya sayar ya kama haya, shi ne kuma mutumin da mu ke magana a kansa.

To, yaya a ke kama hayan? Mai gida ba ya karɓar na wata, sai na shekara cur. Bayan wannan ga la'adar dillali, wadda galibi kashi 10 ce cikin 100 na kuɗin hayan. A waɗansu gidaje har da kuɗin da a ke ajiyewa wai saboda ɓarna, ko da gidan ba shi da abin da zai ɓaci. Da ya ke mutum ɗaya ba zai iya ɗaukar wannan kaya ba, sai magidanta biyu ko uku 'yan gari ɗaya su yi karo-karo su kama gida guda, kowa da ɗakinsa, tsakar gida da makewayi na kowa da kowa. Sunan mutum ɗaya a ke rubutawa a rasit, in ma an ba da rasit ɗin ke nan. Sau da yawa ba takarda ba shaida, sai dai "Allah ya sa albarka" da musafaha.

Bari mu yi lissafi a fili don kowa ya gani. A ce magidanta uku sun kama gida mai ɗaki uku a kan naira 180,000 a shekara. Kowa ya ba da 60,000, suka haɗa 18,000 na dillali. Bayan wata huɗu ɗayansu ya ji labarin an fara kwana a garinsu, ga damina ta matso, ya ce zai koma. Ya ci hayan naira 20,000, saura 40,000 da bai zauna ba. Ga mai albashi babba wannan kuɗin cefane ne. Amma a tuna mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, watau abin da ya maƙale wa wannan manomi ya fi rabin albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, shi kuwa ba shi da albashi. Wannan 40,000 ita ce irinsa, ita ce takinsa, ita ce kuɗin motar da za ta kwashe masa kaya, ita ce jinkar ɗakin da aka ƙone masa. In bai samu ba, ya koma gida da hannu biyu, ya shiga damina da bashi.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne abin da ke biyo baya. Mutumin ya tashi, ya miƙa mabuɗi cikin ladabi. Kafin mako ya zagayo dillali ya kawo wani, shi ma ɗan gudun hijira daga wani ƙauyen, an karɓi kuɗin shekara daga gare shi, an karɓi sabuwar la'ada. Ɗaki ɗaya, wata takwas, kuɗi biyu! Mai gida ya ci, dillali ya ci, talaka ya sha bugu. Kura da shan duka, gardi da kwasar kuɗi. Wannan ba ciniki ba ne, cin dukiyar mutane ne, kuma wanda ke yi ya sani, shi ya sa ba ya son a rubuta.

Amma fa kada masu haya su ɗauka za mu yi musu daɗin baki. Shari'ar da alƙalanmu ke hukunci da ita, ta mazhabar Maliki, ba ta ce duk wanda ya ga dama ya tashi a mayar masa da kuɗinsa ba. In an yanka ajali aka ce shekara, alkawari ya ɗauru a kan kowa, mai gida ba zai kore ka ba, kai ma ba za ka tilasta masa ya amayar da kuɗi don ka sake shawara ba. A cikin Muhtasar na Halil an bambanta wannan da hayan wata-wata wanda ba a yanka masa ajali ba. Shi wannan kowa na iya fita sa'ad da ya so, sai dai gwargwadon abin da aka riga aka biya, shi kam ya lazimta. A duba nan da kyau, jama'a. Ashe biyan kuɗin shekara gaba ɗaya shi ne igiyar da ke ɗaure talaka. Da wata-wata ya ke biya, da ranar da ya tashi ba wanda ke bin wani. Masu gidaje sun san haka sarai.

Sai dai littafin da ya ba mai gida wannan hujja, shi ne kuma ya ƙwace masa waccan. Wanda ya biya haya ya mallaki amfanin ɗakin har ajalinsa ya cika. Yana da iko ya sa wani a madadinsa, muddin wanda ya kawo bai fi shi cutar da gidan ba, ya karɓi kuɗinsa a hannun sabon. Saboda haka mai gida ba shi da hanyar da zai ce, "Ba na mayar da kuɗi," sa'an nan ya juya ya ce, "Ba kuma na yarda ka sa kowa ba," sa'an nan ya sake juyawa ya sa nasa mutum ya karɓi kuɗi. In ya riƙe kuɗin, ɗaki na mai haya ne ko da ɓeraye ne ke kwana a ciki. In ya karɓi ɗakin ya ba wani, kuɗin watannin nan ba nasa ba ne. Ɗaya zai zaɓa.

Akwai kuma hukunci biyu da ya kamata a riƙa faɗa a kowane zaure a ƙasar nan. Na farko, Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajiri ya sani, ta nuna haya ba ya warwarewa don mai zama ya mutu. Mata nawa ne a Dutsin-ma da Katsina waɗanda mijin ya kama musu ɗaki, ya koma ƙauye duba gona, aka kashe shi a hanya? Sauran watannin nan gado ne, na matar da marayunta. Ba a fid da ita don sunan mijin ne a rasit, in kuwa za ta koma wurin danginta tana da ikon sa wani ta karɓi kuɗin. Na biyu, kuɗin haya na wajaba ne idan mutum ya sami ikon amfani da wurin. Malamai sun ambaci gidan da ya rushe, da wanda azzalumi ya ƙwace, da shagunan da mai mulki ya ba da umurni a rufe, duka haya na warwarewa. To, malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da aka tura ƙauyen bakin daji, ya haɗu da abokin aikinsa suka kama ɗaki, sa'an nan 'yan bindiga suka tashi garin dukansa, har mai gidan ma ya gudu, a kan me za a ce ya ci hayan watannin da ba mahalukin da ya iya kwana a garin? Haka nan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, wadda aka kafa a 2011. A watan Oktoba na 2023 aka shiga gidan haya a garin aka sace ɗalibai mata biyar. Yarinyar da ubanta ya ce ta tattara ta bar unguwar bayan wannan, ba za a kwatanta ta da wanda ya tashi don ya sami ɗakin da ya fi kyau ba. Irin wannan sai a kai gaban alƙali ya auna, kada a bar mai gida ya zama shi ne mai ƙara shi ne mai hukunci.

Yanzu sai mu juyo ga abokan zaman, domin a nan ne zumunci ke lalacewa, kuma a nan ba mai gida ba ne mai laifi. Mutum ya tashi, ɗakinsa ya zama fanko, sai wanda sunansa ke rasit ya buɗe ya zuba samarin 'ya'yansa ko ya sa surukarsa, ya yi shiru. In an yi magana ya ce, "Haba, ai duk ɗaya mu ke." Ɗaya ku ke, gaskiya ne, amma kai ka sami ɗaki wata takwas kyauta, ɗan'uwanka kuwa ya rasa kuɗin taki. Wanda ya mori ɗakin shi zai biya, in ba shi da shi yanzu a rubuta bashi ne zuwa kaka. Shi kuma mai tashi, kada ya kwana ya tashi da asuba ya ce a ba shi kuɗinsa kafin mota ta cika. Ya faɗa tun da sauran wata guda. Ya nemo wanda zai maye shi, wanda kuma abokan zama za su aminta da shi, don ba a kawo gwauro cikin gidan matan aure a ce dole su haƙura. In sun ƙi na farko da dalili, sun ƙi na biyu da dalili, suka ƙi na uku ba dalili, to, sun nuna ɗakin su ke so, sai su saya.

La'adar dillali kuwa, mu a ganinmu ta tafi, ya yi aikinsa ya sama muku gida. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne ya sake karɓar cikakkiyar la'ada a kan mutumin da ba shi ya nemo ba. Kuɗin ɓarna kuma a duba ɗaki ranar tashi a gaban mai unguwa ko dattijo biyu. In an fasa ƙofa a cire kuɗin ƙofa. In ba a fasa kome ba a mayar nan take, ba "dawo jibi" ba, don mutumin da zai hau mota daga Tsaskiya zuwa Katsina bin bashi, kuɗin motar zai cinye abin da ya zo nema, ga kuma hanyar yadda ta ke. Masu jan kafa sun san wannan lissafi, da shi su ke cin nasara. Sun kuma san kuɗin da aka riƙe wata takwas ba shi ne kuɗin da aka karɓa ba, tun da tsadar kaya ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024.

Kada wani ya ce mana wannan abu ba a iya masa doka. A Gana, tun zamanin Nkrumah, dokar haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da kuɗin wata shida gaba ɗaya. A Ikko, dokar 2011 ta hana karɓar fiye da na shekara guda daga sabon mai haya, ta kuma wajabta wa mai gida ya ba da rasit. A Ingila, tun 2007 dole mai gida ya sa kuɗin ɓarna ƙarƙashin wani tsarin kariya wanda hukuma ta amince da shi, a 2019 kuma aka ƙayyade shi kada ya wuce hayan mako biyar, aka hana dillalai tatsar mai haya. A nan gida ma, a 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kawo ƙuduri a Majalisar Dattawa domin Abuja, cewa sabon mai haya ya biya na wata uku, daga nan sai wata-wata. Aka yi masa karatu na biyu, majalisar ta tashi a 2023 bai zama doka ba. Ba mu yi mamaki ba. Masu gidajen haya ba safai su kan ɗaga hannu a yanke musu riba ba.

Mun san abin da za a ce, wai ai a Gana ma masu gidaje na karɓar na shekara biyu, doka na kallo. Haka ne, 'yan'uwanmu na zangon Ankara da Kumasi za su ba da shaida. Abin da wannan ya koya mana shi ne doka ba ta aiki sai da wurin kai ƙara mai arha, kusa, wanda ba ya cin watanni. Kano ta buɗe kotunan ƙananan basussuka a 2019, inda mutum zai tsaya da kansa ba lauya, kuma aka yanka wa shari'a kwana 60. Abin da manomin Safana ke bukata ya fi wannan ma sauƙi: zama ɗaya, rana ɗaya, a garin da gidan ya ke.

Ba mu ce dukan masu gidaje azzalumai ne ba. Da yawansu tsofaffin ma'aikata ne da suka zuba kuɗin sallamarsu a bulo, hayan nan shi ne abincinsu, kuma suna tsoron in sun karɓi wata-wata za su sha yawon bin bashi. Akwai kuma waɗanda suka buɗe gidajensu kyauta ga mutanen da ba su taɓa gani ba, Allah ya saka musu. Irin waɗannan doka ba za ta cuce su ba, don abin da mu ke nema shi ne abin da su ke yi tun can. Wanda doka za ta ƙuntata wa shi ne wanda ya ga masifar Rugu ya ɗauke ta kasuwa.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Dokokin Jihar Katsina, mai wakilai 34, musamman waɗanda ƙuri'ar Safana da Batsari da Ɗanmusa da Dutsin-ma ta kai su can, su ɗauki wannan magana da gaske. A hana karɓar fiye da kuɗin wata uku gaba ɗaya a kan ɗakunan talakawa. A rubuta ɓaro-ɓaro cewa ranar da mai gida ya sa wani a ɗakin da aka bari, ranar kuɗin na farko ya wajaba a mayar. A sa sunan kowane abokin zama a rasit tare da abin da ya biya, don kada mutum ya je gaban alƙali a ce ba a san shi ba. Waɗannan wakilai sun san hanyar ƙauyukan nan lokacin zaɓe, sun kuma san inda mutanen suka koma, don har can aka bi su neman ƙuri'a.

Kafin majalisa ta farka kuwa, akwai abin da ba ya bukatar jiran kowa. Ƙananan hukumomin Safana da Batsari da Dutsin-ma su buga takardar haya mai shafi ɗaya, da Hausa, boko a gaba ajami a baya, a ajiye wurin masu unguwa kyauta. A cikinta a rubuta sunayen masu zama, da kason kowa, da ranar shiga, da yadda za a yi in wani zai tashi. Kuɗin buga wannan bai kai na man motar ciyaman na mako ɗaya ba. Iyayen ƙasa, Yariman Katsina a Safana da Sarkin Ruma a Batsari, maganarsu na da nauyi wurin takwarorinsu na garuruwan da talakawansu suka fake. Su sa baki a ware rana a zauren hakimi domin irin wannan ƙara.

Akwai dalili na musamman da ya sa muka nace a kan wata uku. Jama'a ba su manta ba, an yi sulhu a 2019 zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka ɗauki hotuna, kafin shekara ta zagayo ga Tsauwa ga Dankar. Mutumin da ya ga wannan ba zai kwashe iyalinsa duka rana ɗaya ba. Zai tafi shi da babban ɗansa ya gwada kwana, ya bar mata a gari, in ya ga ƙasa ta yi sanyi ya zo ya ɗauke su, in ta sake zafi ya dawo da gudu. Wanda ke cikin wannan hali bai san inda zai kwana bayan wata uku ba, balle shekara. Tilasta masa biyan shekara ya sa ko dai ya zauna a gari ya rasa damina don kada kuɗinsa ya tafi a banza, ko ya koma ya yi asarar kuɗin, in kuma abu ya ɓaci ya dawo ya sake biyan wata shekarar da wata la'adar. Gwamnatin da ke cewa manoma su koma gona, ita ya kamata ta fara kwance wannan igiya.

Duk wanda ya bar ɗaki kafin ajali aka kuma sa wani a ciki ba a mayar masa da kome ba, ya rubuto wa wannan jarida. Ya faɗi garin, da abin da ya biya, da watannin da ya zauna, da ranar da aka sa sabon mutum. Wanda bai iya rubutu ba ya sa a rubuta masa, ko da ajami ne. Ba za mu buga sunan kowa ba, amma za mu tara lissafin gari gari, mu miƙa shi ga wakilan yankin a majalisa, mu kuma buga ranar da muka miƙa.